Sajo da Sunan Surukinsa

Ranar da Sajo ya fara sa ƙafa a ofishin jaridarmu, inji ne ya kama ni. Ina juya hannun injin buga takarda, ina waige ina yi wa mai fura tsiya ta taga, sai hannun babbar rigata ya bi takarda ya shige ciki. Na ja, inji ya ja. Na sake ja, ya ƙara haɗiye taƙi guda. Rigar kuwa sabuwa ce, fara sol, ta zuwa ɗaurin aure. Ina nan a sunkuye kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya, sai na ji sallama.

Na ɗaga kai na ga wani dogon saurayi siriri, malfa a rataye a bayansa, takalmin roba a ƙafa. Da ganinsa na ce ɗan Fulani ne saniyarsa ta ɓata.

"In cigiya ka kawo, Fillo, dakata. Zo ka ja ni tukuna."

Bai ja ni ba. Ya tsaya ya kalli injin kamar mai duba haƙorin raƙumi a kasuwa, sannan ya kama hannun ya juya shi baya a hankali, rigata ta fito. Shafi na biyu gaba ɗayansa ya hau kanta, baƙi ƙirin. Maimakon ya yi mini jaje sai ya karkata kai yana karantawa daga gwiwar hannuna.

"A nan an ce rijiyar Ɗanzomo ta rufta ranar Litinin," in ji shi. "Lahadi ce. Ina wurin."

Haka na san ba cigiya ya kawo ba. Shi ne ɗan koyon aikin da aka ce zai zo.

Jaridar tamu sunanta Kunnen Gari. Kada ka ji an ce jarida ka ɗauka wani gidan sama ne. Shago ɗaya ne a Gumel, kan hanyar tasha, da tebur biyu, da tafireta ɗaya, da injin nan da ya so ya cinye ni, da keke wanda birkinsa addu'a ce. Mai ita Malam Ladan, tsohon hedimasta, wanda da ya bar makaranta ya rasa waɗanda zai yi wa tsawa sai ya buɗe jarida. Ni Barau, ni ne mai bugawa a tafireta, mai juya inji, mai ninkewa, kuma wanda ake zagi in an sami kuskure. Shafi huɗu muke fitarwa duk Laraba, don ta kwana a shirye ta ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis. A can wanda ya iya karatu yakan sayi ɗaya ya hau kan buhu ya karanta wa mutum talatin. Abin da ya yi kwantai kuwa mai tsire ya san amfaninsa.

Cikin kakar 1977 ke nan. Sajo ɗan wata ruga ne a gefen Ɗanzomo. An kama shi aka sa shi firamare a Sule Tankarkar a zamanin da Fulani ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu in sun hango hular malamin makaranta, shi kuwa rumbun da aka sa shi ne ya yi masa kaɗan, ƙafafunsa suka leƙo. Ya yi karatu har ya taɓa sakandare, fari ya zo ya kashe rabin garken babansa, ya koma gida ya bi sauran. Ya yi aure, matarsa Fadimatu. Amma boko ya riga ya cije shi. Duk takardar da iska ta kwaso sai ya tsince ta ya karanta, ko ta ƙunshin magani ce.

Sharaɗin da aka yi a fili yake. Malam Ladan zai gwada shi wata uku. In ya yi, ya ba shi kujera da albashi. In bai yi ba, babansa ya riga ya yanke: da an gama kiwon kara a gonaki, Sajo zai kora shanu kudu tare da ƙannensa, ba alƙalami ba littafi, kuma ba a sake ta da maganar.

Ni Bamange ne, shi Bafulatani, wasa tsakaninmu gado ne tun kakanni, don haka ban raga masa ba ko kwana ɗaya. Da safe shi ke shara, ya goge tafireta, ya feƙe fensir, ya wanke mini tawadar inji. Daga nan ya hau keken nan ya tafi tasha ya ji abin da direbobi suka kwaso a hanya, ya leƙa bakin asibiti, ya zauna a benci a kotu. Ranar Alhamis ya ɗaura jarida a baya ya bi babbar mota zuwa Maigatari. Wata rana har Gagarawa ake tura shi a kan labarin da bai fi layi uku ba.

Malam Ladan doka ɗaya gare shi, ya rubuta ta da alli a bango: Wa? Me? Ina? Yaushe? Yana nuna ta da rula yana cewa, "Labarin da ba suna gulma ne. Gulma kuwa mata na yinta kyauta a bakin rijiya, ba sai an sayi takarda ba."

Inda Sajo ya fara burge shi cigiya ce. Da can in makiyayi ya zo, ni ke tambayarsa, ya ce saniya ja, in rubuta saniya ja, a ƙasar da jajayen shanu suka fi mutane yawa. Sajo kuwa sai ya zauna da mutum su yi ta Fulatanci rabin awa, ya fito da siffa: ƙahon hagu ya ɗan sunkuya, tsaga biyu a kunnen dama, tana jan ƙafar baya in ta gaji, ba ta son yara. Cikin wata guda aka gano shanu huɗu, ɗaya ma a hayin iyaka, a hannun wani da ya rantse gado ya ci. Matsalar kawai, da wannan idon yake kallon mutane. Ya taɓa rubuto labarin wani ɗan kwangila ya ce "mutum ne baƙi mai tozo, ya ƙoshi, yana tafiya yana kaɗa kai." Malam Ladan ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya soke da jan biro.

Saura mako guda wata ukun ya cika aka shirya nunin amfanin gona da dabbobi a Sule Tankarkar. Malam Ladan ya kira shi ya ce, "Wannan ce jarrabawarka. Shafin farko naka ne, da sunanka a ƙasa. Ka kawo mini shi cikakke, ka zauna. Ka kawo mini rabi, ka gai da shanu." Ni ma na bi shi, wai don in sa masa ido. Gaskiyar magana na ji an ce za a yanka raguna.

Yaron nan ya yi aiki a ranar. Ya auna zangarniyar gero da taƙinsa, ya tambayi mai kabewar da ta fi kowacce irin takin da ya zuba, ya rubuta sunan kowa da garinsu. Da aka zo kan shanu, alƙalai suka zaɓi wani jan bijimi wanda ko ni da ban san saniya ba sai a cikin miya na san ya isa. Aka kira mai shi a lasifika. Ni a lokacin ina bayan rumfa ina fama da haƙarƙari, kunnena ɗaya ne a wurin. Na hango wani dattijo fari siriri ya fito yana takawa ɗaiɗai da sandarsa. Na waiga in ce wa Sajo ya je ya yi masa tambayoyi, babu Sajo.

Can na gano shi bayan tarin kabewa, a tsugune, ya cire takalmi, ya juya wa fili baya, ya ja malfa ya rufe fuska.

"Kai Fillo, cikinka ne?"

"Yi shiru, Malam Barau."

"Ga mai bijimi can ana ba shi garma. Tashi ka tambaye shi abin da yake ba shi."

"Na san abin da yake ba shi."

Bai tashi ba sai da dattijon ya bar filin.

Ranar Litinin ya ajiye labarinsa a teburin Malam Ladan. Ban taɓa buga abu mai daɗinsa ba. Bijimin nan kaɗai ya ci rabin shafi: uwarsa, kakarsa da ta tsira a shekarar fari, yadda yake tsayawa, yadda sauran shanu ke matsa masa a bakin rijiya. Mai bijimin kuwa, "wani dattijo mai daraja daga wajen Ɗanzomo."

Malam Ladan ya ɗauki rula. "Wane dattijo?"

Sajo ya dubi ƙasa.

"Ba ka san shi ba?"

"Na san shi, ranka ya daɗe."

"To sunansa."

"Ai kowa ya san shi."

"Ni ban san shi ba! Ni ba kowa ba ne?"

Da ƙyar, kamar ana cire masa ƙaya, ya ce, "Baban mai ɗakina ne."

Sai na fashe da dariya. Ku da kuka san Fulani kun san sauran. Bafulatani ba ya kama sunan surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi a hanya sai ya ratse daji ko da ƙaya ce. Mu ma muna kunyar surukai, amma tamu ta gaisuwa ce da cire hula. Tasu kamar ciwo ce.

Malam Ladan ya ce, "Ban ce ka faɗa ba. Ga takarda, rubuta."

"Hannun ma nawa ne, ranka ya daɗe."

"To sunan bijimin fa, ka rubuta har da na kakarsa!"

"Shi ba surukina ba ne."

Malam Ladan ya buga rula a tebur. Aika yaro tasha kawai zai yi a gaya masa sunan cikin minti biyar, amma tsohon hedimasta ba ya satar wa ɗalibi amsa. Ya ce, "Zuwa Laraba da hantsi. Suna ya fito daga hannunka, ko ka ɗauki malfarka." Ya hau babur ɗinsa ya tafi Kano sayen takarda, ya bar mu.

Talata ta wuce Sajo na zaune da fensir. Ya ɗora shi a takarda ya ɗauke, ya ɗora ya ɗauke. Na ce ya rufe ido ya rubuta, ya ce Allah na gani. Na ce ya rubuta harafi ɗaya yau, ɗaya gobe, ya ce in bar shi. Laraba da hantsi Malam Ladan bai dawo ba, babur ya lalace masa a hanya. Sajo ya tashi ya share ofis tas, ya jera fensira, ya ce mini zai je tasha ya nemi motar da za ta kai jarida gobe, wannan ne aikinsa na ƙarshe.

Nan tausayi ya kama ni, kuma duk wanda ya san ni ya san tausayina ya fi muguntata ɓarna. Na ce a raina, yaro zai rasa aiki a kan kalma ɗaya? Ai ina wurin aka kira sunan a lasifika. Na zauna na tuna. Na tuna haƙarƙari, na tuna yaji, sai na tuna an ce Manu. Tabbas an ce Manu. Na buga "Malam Manu na Ɗanzomo" a gurbin dattijo mai daraja, na sa sunan Sajo a ƙasa da manyan baƙaƙe, na juya inji, na ninke, na ɗaure da igiya tamau don kada ya buɗe. Na kwanta ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci.

An kuwa kira Manu a lasifika. Shi ne ya zo na biyu. Kuma shi da surukin Sajo shekara ashirin suna gasar shanu, ko gaisawa ba sa yi sai a jana'iza.

Sajo bai san abin da ya ɗauko ba sai da wani ya hau buhu a kasuwar shanu ta Maigatari ya fara karantawa da ƙarfi, a gaban Fulanin ƙasar nan da na hayin iyaka. An ce Manu bai musa ba. Yawo ya yi ta yi cikin kasuwa ana yi masa barka yana cewa ikon Allah ne. Jarida ta ƙare kafin azahar, abin da ba a taɓa yi ba. Sajo ya dawo da yamma ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ni. Na gwammace ya zage ni.

Asabar da safe Malam Ladan na zaune yana yaba wa Sajo, wai ashe ya yi hankali ya rubuta sunan, Sajo na kallon ƙasa, ni ina goge injin da ba shi da datti, sai haske ya ɗauke a ƙofa. Kan bijimi ne. Dattijon ya koro shi a ƙasa tun daga Ɗanzomo, da jan ƙyallen da aka ɗaura masa a wurin nuni har yanzu a ƙaho. Kafin ya gama sallama Sajo ya fita ta taga. Mutum mai tsawon nan, ban san yadda ya ninke kansa ba. Ya tsuguna a waje a gindin bango, ba ka ganin komai sai tsinin malfa.

Dattijon ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma, shi ma ya juya wa tagar baya. Ya ce sunansa Gudaji. Ya nuna ƙofa da sanda.

"Malam, wannan na wane ne?"

Malam Ladan ya ce, "Naka ne, ga alama."

"To takardarku ta ba Manu. Manu da bijiminsa kamar jaki ya sha ruwa. An karanta a Maigatari, an karanta a Gagarawa, jiya har daga hayi aka aiko ana tambaya ko sayarwa na yi. Kuma an ce yaron nan ne ya rubuta."

"Wane yaro?" in ji Malam Ladan, don shi ba ya jin magana ba suna.

"Yaron da ke nan."

Ashe shi ma ba zai kama sunan mijin 'yarsa ba. Malam Ladan ya dafe kai. Ya leƙa taga ya ce, "Kai, kai ka rubuta Manu?"

Malfa ta girgiza.

"To wa ya rubuta?"

Malfa ta yi shiru. Na so a ce ta ci gaba da shirun har tashin kiyama. Amma Malam Ladan ya jawo aljihun tebur ya fito da rubutun hannun Sajo, ya duba, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Shekara talatin yana gane wanda ya yi tusa a aji, ni zan ɓoye masa?

Na ce, "Ranka ya daɗe, taimako na yi."

Gudaji ya dube ni sama da ƙasa. "Wannan Bamange ne ko?"

Aka ce masa e.

"To ai shi ke nan. Da an faɗa mini tun farko da ban wahalar da dabba ba."

Malam Ladan ya bayyana masa yadda aka yi, cewa an ba yaron zaɓi tsakanin sunan da aikinsa, ya ajiye aikin. Dattijon ya yi ta zane a tabarma da kan sanda. Can ya ce, yana magana da bango, "Ashe boko bai cinye shi duka ba." Sannan ya ce a karanta masa abin da yaron ya rubuta da hannunsa. Malam Ladan ya karanta. Da aka zo kan kakar bijimin, wadda ta tsira a shekarar fari, dattijon ya ɗaga hannu ya ce a maimaita wurin. Aka maimaita. Ya goge ido da bakin rawani ya ce tawadarmu na da yaji.

Ya taso ya tsaya a kaina. "Bamange, zauna ka buga. Gudaji. In ji ƙarar kowane harafi." Na buga yana tsaye da sanda. Ya sa Malam Ladan ya duba ko na sake ba Manu. Aka yi masa alkawarin shafin farko ranar Laraba, ya kora bijiminsa ya tafi, bayan bijimin ya bar mana shaida a bakin ƙofa wadda ni aka sa na kwashe.

Sajo ya shigo ta ƙofa wannan karon, ya ɗauki littafinsa, ya cire malfarsa ya durƙusa zai yi sallama, don ya san bai cika sharaɗi ba. Malam Ladan ya bar shi a durƙushe ya daɗe yana kaɗa rula.

"Mutum nawa ne ba ka iya rubuta sunansu?"

Sajo ya fara lissafi da yatsu. Surukinsa, da surukuwarsa, da yayyensu da ƙannensu, da babansa, da duk wanda ya ci sunan ɗaya daga cikinsu.

"Wato duk Gudajin da ke ƙasar nan ya fi ƙarfinka."

"E, ranka ya daɗe."

"Allah ya sa kada a naɗa Gudaji gwamna." Ya ajiye rula. "Ka bar mini rami a labari, wannan laifi ne. Amma rami ana ganinsa a cike. Wancan," ya nuna ni, "shekara uku yana nan, ya cike mini shi da ƙarya, ya kai kasuwa ya sayar. Daga yau in ka ci karo da surukanka, ka miƙa wa na kusa da kai littafi ya rubuta maka sunan a wurin, ka kawo mini in gani da idona. Kowa ya rubuta, ban da Barau. Je ka zauna a teburin can."

Shanu suka tafi kudu a shekarar ba da shi ba. Yana nan har yau a teburin, ya ɗauko Fadimatu sun kama ɗaki a Gumel, littafinsa cike da rubutun hannun direbobi da malaman asibiti da 'yan makaranta. Yanzu in makiyayi ya shigo ba ya ko kallona, sai ya ce ina yaron nan.

Kwanan baya muna ninke jarida na ce masa, "Fillo, ni ne fa silar arzikinka, ka riƙa girmama ni. Ran da na mutu ma na san kunyata ba za ta bar ka ka rubuta sunana ba. Sai dai ka ce wani dattijo mai daraja."

Bai ko ɗago kai ba.

"Kwantar da hankalinka, Malam Barau. Sau uku zan rubuta naka a layi ɗaya, hannuna ko rawa ba zai yi ba."